Kaza Ta Kwana a Kan Dami: Mu da Zanen da Muke Kira Hauka

Ina neman izinin masu kula da mujallarmu in taɓo wata ɗabi'a da ta zame mana jiki. Na san wasu za su ce ana fama da kuɗin makaranta da sabunta takardar zama, wa ke ta zancen zane? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin maganar ta shafi aljihunmu fiye da yadda ake zato.

Akwai wani irin zane da ya cika gidajen adana kayan fasaha na duniya tun farkon ƙarni na 20, wanda masu shi ke kira abstirak. Ba ka ganin mutum ko doki ko bishiya a cikinsa, sai launi da layi da siffa. Ni zan kira shi zane maras sura. Duk inda ɗalibi Bahaushe ya ci karo da shi, a bangon otal ne ko a harabar jami'a, hukuncin ɗaya ne. Wannan ya ce haukan Turawa ne, wancan ya ce ƙanensa ɗan shekara biyar zai yi wanda ya fi shi, sai a kwashe da dariya a wuce. Ni kuwa na ce wannan dariya babu wayo a cikinta, babu kuma tsoron Allah. Rashin sanin kayan gidanmu ne kawai, kuma a nan birnin Guangzhou na ƙasar Sin muna biyan kuɗin wannan rashin sani da dalar Amurka.

Abin da ake sayarwa a Titin Liuhua

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Titin Liuhua yana kusa da tsohuwar babbar tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou. Baje kolin Canton, wanda aka fara a 1957 kuma ake yi sau biyu a shekara, ya koma wani makeken gini a kan wannan titi a 1974, ya zauna nan har 2008 lokacin da aka kwashe shi gaba ɗaya zuwa Pazhou. Shekara 34 ke nan duk mai son sarin kayan Sin daga ko'ina a duniya sai ya taka wannan titi. Albarkacin haka manyan otal-otal irin su Dongfang da China Hotel suka samu ciniki, kasuwannin sarin tufafi irin su Baima suka cika unguwar tashar. A shekarun 2000 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari da sauran garuruwan Arewa da Nijar suka yi ta kwararowa, suna sauka a Xiaobei da Sanyuanli. Ranar Juma'a kuma a haɗu a masallacin tsohuwar maƙabartar Musulmi da ke kusa da ƙarshen titin, wadda mutanen garin ke dangantawa da Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas.

To, me ake ciniki a waɗannan kasuwanni? Za a ce yadi. Amma auduga ai auduga ce, zare kuma zare ne. Ɗauki turmin atamfa biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya mata na rububinsa, ɗaya yana kwantai a shago har rana ta kashe shi. Me ya raba su? Zanen da ke jiki. Haka shadda, haka leshi, haka hula, haka dardumar salla. Kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, wanda ke aiki tun 1846, da Getzner na Ostiriya mai shaddar da muke kira gezna, ba don ingancin yadi kaɗai muke zuba musu kuɗi ba, har da zanen da suka biya ƙwararru suka zauna suka tsara. Kuma mafi yawan zanen nan babu mutum babu dabba a ciki. Layi ne da da'ira da launi. Wato dai zane maras sura, wanda muka gama yi wa dariya a bangon otal, shi ne muke lodawa a kwantena.

Abin da ya fi ciwo shi ne rawar da mu ɗalibai ke takawa. Da yawa daga cikinmu da tafinta suke samun na cefane. Alhaji zai taso daga gida da hula ɗinkin hannu wadda wani bawan Allah ya shafe makonni yana ɗinkawa, ko wuyan riga da wani gwani ya zana. Ɗalibi zai raka shi masana'anta, a ɗauki hoton samfurin, a zuba a kwamfuta, inji ya fitar da dubbai. Na ga haka da idona, ba sau ɗaya ba. A wajen ciniki ana maganar kuɗin zare, da kuɗin inji, da kuɗin jirgi, da la'adar tafinta. Mutum ɗaya ne ba a ambata, shi ne wanda ya ƙirƙiro zanen. Bayan wata uku kayan su sauka a kasuwarmu a kan rabin kuɗin nasa, ya rasa mai saye. Me ya sa ba a ambace shi ba? Saboda a kanmu zane ba aiki ba ne, ba kuma dukiya ba. Dariyar can da wannan cinikin uwarsu ɗaya.

Su wane ne suka kafa shi, kuma ina suka duba?

Kafin a yanke wa abu hukunci ya kamata a san asalinsa. Wassily Kandinsky, wanda aka haifa a Mosko a 1866, shari'a da tattalin arziki ya karanta. Yana da shekara 30 ya ƙi karɓar kujerar koyarwa a jami'a, ya tafi Munik ta ƙasar Jamus koyon zane. Wajen 1911 ya fara fitar da zanen da babu sura a ciki, ya kuma rubuta littafi yana bayanin cewa launi da siffa suna iya taɓa zuciya kai tsaye kamar yadda sauti ke yi. Kafin shi ma, tun 1906, wata mata 'yar Suwidin mai suna Hilma af Klint ta riga ta fara, sai dai ta yi wasiyya kada a nuna aikin sai bayan shekara 20 da mutuwarta. A 1915 Kazimir Malevich ya rataye zanen baƙar murabba'i a kan farin fili a birnin Petrograd na Rasha. Piet Mondrian na Holan ya shekara da shekaru yana zana bishiya, yana rage ganye, yana rage reshe, har ya rage saura layin tsaye da na kwance, daga baya ya tsaya a kan ja da shuɗi da rawaya da baƙi da fari. A 1947 Jackson Pollock na Amurka ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasa yana ɗiga masa fenti yana zagaye shi.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Kandinsky ya zauna a Tunisiya daga ƙarshen 1904 zuwa 1905. A 1910 aka yi gagarumin nunin kayan fasahar Musulmi a Munik, kaya fiye da 3,000, dardumai da littattafai da tukwane da yadudduka. Kandinsky ya je ya gani har ya yi rubutu a kai, Henri Matisse kuma ya taso takanas daga Faransa domin ya kalla. A 1914 Paul Klee ya ziyarci Tunis da Ƙairawan, kuma daga wannan tafiya ce zanensa ya koma gida-gida na launi. Pablo Picasso kuwa, a 1907, sassaƙen mutanen Afirka da ya gani a gidan tarihin Trocadéro na Faris ne suka taimaka masa ya karya siffar fuska. Ban ce duk abin da suka yi daga wurinmu suka kwasa ba. Suna da nasu dalilan: kyamara ta zo ta ƙwace aikin kwaikwayon fuska, ga sabuwar kimiyya, ga neman ma'ana a zamanin inji da yaƙi. Amma lokacin da suke neman hanyar fita daga zanen sura, ƙasashen Musulmi da Afirka na cikin wuraren da suka leƙa. Su sun zo ƙofar gidanmu da littafin rubutu a hannu, mu kuma mun je tasu ƙofar muna dariya.

Duba wuyan rigarka

Ɗan uwa, ranar Sallah idan ka saka babbar riga, sunkuya ka dubi ƙirjinka. Aikin da ake kira aska takwas, ka taɓa ganin aska a cikinsa? Babu ƙota, babu kube. An ɗauki aska an rage ta, an rage ta, har ta zama dogon tsini kawai, aka jera takwas. Abin da Mondrian ya yi wa bishiya ke nan, kakanninmu suka yi wa aska tun ba a haife shi ba. Dubi yadda aikin ya yi nauyi a gefen aljihu, sannan tambari ya zauna a ɗaya gefen shi kaɗai, amma rigar ba ta karkace a ido ba. Daidaita nauyi ba tare da an yi hagu da dama iri ɗaya ba yana cikin darussa masu wuya a makarantun zane, ga shi muna sawa mu tafi idi.

Dubi dagi, wanda har ya zama tambarin Arewa: igiya ɗaya ce take shiga tana fita, ba ka gane farkonta bare ƙarshenta. Dubi zayyanar da alarammomi ke yi a Alƙur'ani rubutun hannu, a wurin sumuni da rubu'i da hizbi, da allon zayyana da ake yi wa mai sauka. Dubi zanen ƙwarya, da aikin dukawa a kan jar fata, da ɗaurin da ake yi wa yadi kafin a tsoma shi a marinar Ƙofar Mata, da lallen hannun amarya. Dubi fuskokin gidaje a birnin Zazzau da Kano da unguwar Birni ta Damagaram. Dubi tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da bakan gizonsa da zanen da ke jikin ginshiƙansa. A cikin waɗannan duka sura nawa ka ƙirga? Idan akwai al'ummar da bai kamata a yi mata doguwar lacca a kan zane maras sura ba, to mu ne. Amma mu ne kan gaba wajen kiran sa hauka. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Amsa ga masu ja

Mai cewa yaro ma zai iya, ga ƙyalle ga alƙalami, ya ba ƙanen nasa ya fitar mana da aska takwas a kan riga mai faɗi, yadda idan an naɗa hannu a kafaɗa aikin zai zauna daidai. Ai a gida ma mun san ba kowane maɗinki ke fitar da zane ba, akwai mai zanawa daban, sauran su bi layinsa da allura. Sauƙin da kake gani a ido shi ne ƙarshen wahala. Mondrian ya iya zana bishiya kamar ka hau, da gangan ya bari.

Mai kawo hujjar addini kuwa, shi ne ya fi ba ni mamaki. Abin da malamai suka yi magana a kai shi ne surar abu mai rai. A cikin Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya je wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce da zanen sura yake ci, shi kuma ya tsoratar da shi, sannan ya nuna masa cewa in ya zama dole, ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Wannan ƙofa ce Musulmi suka bi suka cika masallatan Andalus da Masar da Farisa da Turkiyya da lissafin siffofi da ƙayataccen rubutu. Zane maras sura shi ne irin zanen da ya fi nisa da abin da ake tsoro. Amma sai ka ga mutum ya manna hoton ɗan ƙwallo ko 'yar fim ɗin Indiya a bangon ɗakinsa, sannan ya ga layi da launi ya ce a'uzubillahi. Laifi tudu ne.

Akwai kuma masu ja daga ɗaya ɓangaren, 'yan bokon da suka ɗan leƙa littafin tarihin fasaha. Su cewa suke namu ado ne kawai na riga da bango, na Turawa kuwa tunani ne. Sai in tambaye su, faifan da ake jerawa a bangon ɗakin amarya, wanda ba a taɓa rufe tuwo da shi ba, aikin me yake yi in ba a kalla ba? Shi kansa Kandinsky ya bayyana tsoronsa kada zanen nasa ya ƙare kamar darduma ko ɗamarar wuya, wato ya san iyakar da ke tsakani siririya ce. Na yarda akwai bambanci. Mai zanen zamani yana da 'yancin karya tsarin da ya gada, yana sa sunansa a ƙasan aiki, ana rubuta shekarar da ya yi, ana adana shi. Namu gwanayen yawanci babu suna, babu shekara, babu ma'ajiya. Wannan giɓi na rubutu da tsari ne, kuma cike shi aikin masu ilimin boko ne, wato mu.

Sai masu cewa harkar duk caca ce ta masu kuɗi da siyasar manyan ƙasashe. Akwai gaskiya a nan, ba zan ɓoye ba. A shekarun 1966 da 1967 asiri ya tonu cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ita ke ba da kuɗi a ɓoye ga wata ƙungiyar yaɗa al'adu mai suna Congress for Cultural Freedom, wadda ke tallata fasahar Yamma domin kishiyantar Tarayyar Sobiyat. Har Kulob ɗin Mbari da aka kafa a Ibadan a 1961 ya sami tallafinta. Farashin da ake bugawa a wajen gwanjo kuma sau da yawa ya fi kama da gasar attajirai. Amma a tuna, a 1937 gwamnatin Hitila ta tara ayyukan Kandinsky da Klee da Mondrian da wasunsu a Munik ta nuna wa jama'a a matsayin lalatacciyar fasaha, gwamnatin Stalin ma ta rufe wa irin wannan zane ƙofa. Abin da masu mulkin kama-karya suka ji tsoro, masu leƙen asiri suka kashe wa kuɗi, attajirai ke kokawa a kai, ko me za a kira shi, ba shirme ba ne.

Darasin masu masaukinmu

Sinawa ma sun yi irin dariyarmu, har da duka. Lin Fengmian ɗan wannan lardi ne na Guangdong, an haife shi a Meixian a 1900. Ya yi karatu a Faransa, ya dawo ya shugabanci makarantar fasaha ta Hangzhou da aka buɗe a 1928, da manufar haɗa tawadar Sin da sabon salon Turai. Da juyin al'adu ya ɓarke a 1966, da hannunsa ya jiƙa zane-zanensa a ruwa ya dagargaza su ya zubar a masai don tsoron abin da za a yi masa. Duk da haka aka kulle shi fiye da shekara huɗu. A 1977 ya koma Hong Kong, can ya rasu a 1991.

Ɗalibinsa Wu Guanzhong, a 1980, ya rubuta maƙala a mujallar Meishu yana kare kyawun zane maras sura. Hujjarsa ita ce irin tawa a yau: ya ce wa 'yan ƙasarsa su dubi rubutun alƙalaminsu da duwatsun lambunansu, abin ba baƙo ba ne. Gaskiya ya faɗa, domin tun ƙarni na 8 masu rubutu irin su Zhang Xu da Huaisu suka sake hannu har rubutun ya kusa fin ƙarfin mai karatu, ana kallon tafiyar alƙalami kawai. An yi masa ca, kuma a 1983 gangamin yaƙi da abin da aka kira gurɓatar tunani ya sake taɓa masu irin wannan zane. Amma a 1992 gidan tarihin Biritaniya da ke Landan ya yi nunin ayyukansa yana da rai.

Wani ɗalibin Lin, Zao Wou-Ki, ya tafi Faris a 1948. Da ya ga aikin Klee a 1951, sai abin ya mai da shi gida, ya koma kan alamomin tsohon rubutun Sin da ake yi a kan ƙashi da tagulla, ya narkar da su cikin launi. A 2018 aka yi gwanjon wani zanensa mai faɗin mita 10 a Hong Kong a kan dalar Hong Kong miliyan 510, kimanin dalar Amurka miliyan 65. A wannan yanki na ƙasar kuma akwai ƙauyen Dafen na Shenzhen, inda tun 1989 ake kwafar zanen mashahurai ana sayarwa da araha kamar gyaɗa. Hannun mai kwafa yana da kyau, amma ladansa na yini ne. Sinawa sun gane wannan lissafi, shi ya sa suka buɗe gidan fasaha na Guangdong a tsibirin Ersha a 1997, suka fara babban nunin shekara uku-uku a cikinsa a 2002, suka cika makarantunsu da ɗaliban tsara zane. Mu kuwa ko matsayin mai kwafa ba mu riƙe ba. Mu ne masu kawo samfuri kyauta, mu ne masu saye.

Wasu sun yi, a gabanmu

Kada a ce sai Bature ko Basine. Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne. Ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan, ya dawo Khartum ya baje aikinsa irin na Turai, mutanen gari ba su kula ba. Bai zage su ba. Ya koma kan allo da tawada da harufan Larabci da adon da yake gani a gidajen mutane, ya gina salonsa a kai. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi nunin aikin rayuwarsa gaba ɗaya.

A garinmu na Zariya ma, a 1958, ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane, suka ƙi yarda a koya musu salon Ingila zalla. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Bruce Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo, ga Demas Nwoko, ga Yusuf Grillo. Allah ya saka musu, sun yi wa mutanensu aiki. Amma karanta sunayen manyansu ka nemo Bahaushe. Suna zaune 'yan kilomitoci daga masallacin Babban Gwani, 'ya'yan masu masallacin kuwa ba sa ajin. Wanda ya zauna ya tattara bayanin ɗinkin rigunanmu har ya yi digirin dakta a kai, David Heathcote ne, malami a jami'ar, kuma shi ya shirya nunin fasahar Hausa a Landan a 1976. Mu a wannan zamani ne muka dukufa shafe zanen gidajenmu da siminti muna kiran haka ci gaba.

Masaƙun Kaduna da Kano sun durƙushe, UNTL ta rufe ƙofa a 2007. Kowa ya san dalilan: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, fasa-ƙwauri. Amma ko gobe aka gyara wuta aka toshe iyaka, masaƙar da ba ta da masu tsara sabon zane kwafa za ta yi, kuma a fagen kwafa ba za mu taɓa kamo masu injunan da ke wannan lardi ba. Abin da za mu iya sayarwa wanda ba su da shi, shi ne idon da ya haifi dagi da aska takwas, in an horar da shi ya haifi sabo.

Abin da nake nema a wurinmu

Na farko, mu shiga gidajen fasaha na garuruwan da muke karatu. Na Guangzhou su je Ersha, na Ingila su je Tate Modern su kuma nemi rigunan Hausa da ke ajiye a gidan tarihin Biritaniya, na Alƙahira da Kwala Lamfur su shiga gidajen fasahar Musulunci. Ka tsaya minti goma gaban zane ɗaya, ka daina tambayar hoton mene ne, ka tambayi ina ya yi nauyi, ina ya yi sauƙi, ina idonka ya fara sauka, kamar yadda kake duba hula kafin ka saya. In bayan haka bai yi maka ba, ka faɗi dalili. Ba kowane zane maras sura ne mai kyau ba, kamar yadda ba kowace hula ce ke shiga taro ba.

Na biyu, duk wanda ya je hutu gida ya ɗauki hoton zanen gini da ɗinki da zayyana na unguwarsu, ya rubuta sunan mai aikin da sunan zanen da shekara, da izinin mai shi. Ƙungiyarmu ta tara su wuri ɗaya. Bangon mujallar nan ma, maimakon hoton da aka tsinto a intanet, a nemi aikin gwani ɗaya a kowace fitowa, a biya shi, a buga sunansa.

Na uku, masu karatun shari'a su duba mana dokar rajistar ƙirƙira da zane ta Najeriya ta 1970, da tsarin hukumar OAPI da Nijar ke ciki, su yi wa maɗinka bayani da Hausa yadda ake yi wa sabon zane rajista.

Na huɗu, masu tafinta, idan Alhaji ya fito da samfuri, a tambaye shi cikin ladabi: ranka ya daɗe, wa ya zana wannan, kuma nawa ne rabonsa? Wataƙila ya yi dariya a karon farko. A sake tambaya a karo na biyu. Haƙƙin ma'aikaci ai ba sabon zance ba ne a addininmu.

Na biyar, idan ƙanenka ko ƙanwarka suka ce za su karanta zane ko tsara yadi a Zariya, kada ka zama na farkon cewa an yi asarar kuɗin makaranta. Ba kowa ne zai zama likita ba, kuma likitan ma riga zai sa.

Na san wannan rubutu zai ɓata wa wasu rai, musamman abokan da muke cin abinci kwano ɗaya. Fili a buɗe yake, mai ja ya ɗauko alƙalami ya kawo hujja a fitowa ta gaba, amma don Allah kada ya zo mana da labarin ƙanensa ɗan shekara biyar. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu gane darajar abin da ke hannunmu tun bai zama sai mun saya daga hannun wani ba.